Yadda ake bambance bugun tsohon kan sarki

A 1919 Turawa suka mayar da hedikwatar masarautar Gombe garin da take yanzu. Wasiƙun lokacin na ɗauke da kan sarki mai hoton Sarki George na Biyar, wanda kamfanin De La Rue ya buga a Landan tun 1914.

A ido kan sarkin duk iri ɗaya ne, amma bugu biyu ne. Kife shi a kan baƙin faranti, ka duba tambarin da ke cikin takardar. Bugun farko na da kambi da haruffan CA miƙaƙƙu. Daga 1921 haruffan suka koma lanƙwasassu irin na rubutun hannu. Launi kam ba abin dogaro ba ne, rana na koɗar da shi.

In yana jikin ambulan, kada ka ɓanɓare shi. Hatimin gidan waya na iya ƙara masa daraja.