Sassaben Zamani: Yadda Daji Ke Dawowa Tasawa Da Mayahi

Duk mai sayar da tabarma, igiya, faifai ko itacen girki a kasuwannin Tasawa da Mayahi ya san cewa jarinsa a daji yake. Idan daji ya mutu, kasuwa ma ta bi shi.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A wancan lokaci manomi kan share gonarsa ƙaf kafin damina, ya sare sabara da kalgo da geza, ya cinna musu wuta. Sai iska ta samu hanya, rairayi ya riƙa binne shuka, mata kuma suka koma yin doguwar tafiya neman itace. Zomo da zabin daji da fakara suka yi ƙaura, domin babu sauran wurin ɓuya.

A 1983 wani ma'aikacin ƙungiyar SIM a Maradi, Tony Rinaudo ɗan Ostareliya, ya lura cewa kututturan da ake sarewa ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon, a datse sauran, a kare su daga gatari. Wannan shi ne sassaben zamani. Ba sai an sayi dashe ba, ba sai an yi ban-ruwa ba. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maradi da Damagaram.

Amfanin kuwa a fili yake. Gindin sabara na tare ƙasar da iska ta kwaso, gawo na zubar da ganye da damina ya zama taki, 'ya'yan kalgo kuma abincin dabbobi ne da ake sayarwa. Inda duhuwa ta dawo, tsuntsaye na dawowa su ci fara da tsutsar gero. A 2018 har raƙuman dawa 8 aka kai gandun Gadabeji, cikin jiharmu.

To amma akwai sauran aiki. A Gulbin Kaba, idan ana yanke kaba tun tana ƙarama ba hutu, ba za ta taɓa zama goruba ba. Haka nan ramukan da aka haƙi marmara da ƙasar gini aka bari tsirara, suna buƙatar a yi musu rabin-wata, a watsa iri, a hana kiwo na ɗan lokaci.

'Yan kasuwa, muna da ta cewa. Mu daina sayen saiwa da ɗanyen icen da aka tuge, mu nemi na datsa. Ranar da dillali ya rasa mai saye, mai gatari zai bar kututture ya toho.