Yadda ruwan tuffa ke zama giya a gidajen Faransa

A yankin Normandi na ƙasar Faransa, da kaka ta yi sai a matse tuffa, a ajiye ruwan. Yis ne ke cinye sukarin, ya mai da shi barasa da iska. Sidir ke nan.

Masu koyo a gida kan ƙara ruwan wasu ƴaƴan itace don ɗanɗano, kuma a nan ake yawan yin ɓarna: sabon sukari na sake tayar da yis, in an toshe kwalba da wuri sai ta fashe.

Masu saida zoɓo a Maraɗi sun san alamar. Gorar da ta kwana cikin zafi babu wutar lantarki, ta kumbura, ta yi tsami, ita ma hanyar ta kama.