Kafin Ku Je Kano Neman Adaftan Injin Sassaƙa

Idan an gama girbi an shigar da hatsi rumbu, ƙungiyoyin gama kai da yawa sukan nemi sana'ar da za ta riƙe samari a gida maimakon tafiya ci-rani. Waɗansu sun sami injin sassaƙa, irin wanda yakan juya itace mutum yana fere shi da kurfi. Da shi akan fitar da ƙafar kujera da ta gado, da muciya, da ƙaramar taɓarya. Amma ran da aka ce za a fara akushi da kwanon itace, sai a bukaci cok, watau bakin ƙarfen nan mai haƙora huɗu da yake damƙe itace ta gefe guda. A nan ne kuɗin ƙungiya yakan salwanta. A aiki mutum Kano, ya biya kuɗin mota, ya sayo cok mai tsada, ya komo, a tarar ya ƙi hawa injin.

Dalilin yana can a hancin sandar injin, inda aka yanka mata tiredi kamar na noti. Kowane kamfani da irin tiredin da ya zaɓa. Shi ya sa akan sa wani guntun ƙarfe tsakanin sanda da cok, ana ce da shi adafta. Cikinsa yana dacewa da sandar, bayansa kuwa yana dacewa da cok. Ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba, amma idan bai yi daidai ba, injin da cok ɗin duka sun zama kayan ajiya.

Wannan bambanci ya daɗe. A 1841 wani Bature mai suna Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila tiredi iri ɗaya, mai kusurwa digiri 55. A 1864 William Sellers ya tsara wa Amurka nata, mai digiri 60. Sauran ƙasashen Turai kuwa suka bi ma'aunin milimita. Mu a nan mun gaji dukansu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari ba da jimawa ba, kayan Ingila na ma'aunin inci suka cika gari. A shekarun 1970 Nijeriya ta koma ma'aunin mita. A shekarun 1980 gwamnati ta sayo wa makarantu kayan koyon sana'a daga gabashin Turai, bayan haka kuma na Sin suka shigo. Duk waɗannan suna yawo a hannun 'yan gwanjo, galibi ba tare da takardar bayani ba.

Waɗanda aka fi cin karo da su ba su da yawa. Ƙananan injunan Amurka da yawancin na Sin suna da sanda mai kaurin inci 1, tiredi 8 a kowane inci. Manyansu inci 1 da kwata, su ma tiredi 8. Na Turai na yanzu milimita 33 ne, tsakanin tiredi da tiredi milimita 3.5, akan rubuta M33 x 3.5. Tsofaffin na Ingila kowa da nasa: Record inci uku bisa huɗu da tiredi 16, Myford ML8 inci 1 da tiredi 12, Union Graduate inci 1 da rabi da tiredi 6.

Wanda ya ƙi shiga sam bai ba mu tsoro ba, gama an gan shi tun da fari. Abin tsoro shi ne wanda ya kusa shiga. Inci 1 da kwata milimita 31.75 ne, ido ba zai raba shi da 33 ba. Idan aka ɗaura adafta na M33 a kan irin wannan sanda, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu yana lilo, sa'an nan ya cije, domin tiredi 8 a inci tazararsa milimita 3.175 ce, ba 3.5 ba. Sai wani ƙaƙƙarfan saurayi ya ɗauko sifana ya ce tsatsa ce. Da ya matsa, tiredin sanda ya cinye, sandar tsohon inji kuwa ba a samunta a kanti. Haka nan soket ɗin bututun famfo da ake kira inci ɗaya: kaurin tiredinsa milimita 33 ne da ɗan ɗoriya, sai a ga kamar an sami adafta mai araha. Amma tiredinsa 11 ne a inci. Aikinsa ruwa ne, a bar shi a can.

Kada a raina abin. Akushi mai faɗin santimita 30, idan yana juyi 1,000 a minti, bakinsa yana gudun da ya fi kilomita 56 a awa. Ku ƙara nauyin cok, ku ƙara na ɗanyen maɗaci ko ƙirya. Idan wannan ya kuɓuce, fuskar mai sassaƙa ce mafi kusa da shi.

To, awo a gida ake yinsa, kafin a shiga mota. A cire wutar injin, a goge hancin sanda da kananzir da tsohon buroshin haƙori. A auna kaurinta a bisa tudun tiredi, da ma'aunin kauri mai baki biyu idan akwai, a kuma tuna cewa tsohuwar sanda takan gaza kaɗan saboda ci. Sa'an nan a ɗora rula a kan tiredin, a sa farkon rula a bisa tudu guda, a ƙirga ramuka huɗu. Idan sun cika rabin inci cif, watau milimita 12.7, tiredi 8 ne. Idan sun kai milimita 14, na Turai ne. Wanda ba shi da rula mai kyau ya naɗa farar takarda a sandar ya goga fensir, ko ya danna sabulu, zane zai fito. A duba kuma ta ina ake ɗaurewa. Galibi ta dama ne, kamar tafiyar agogo, amma injin da yake da hanci na biyu ta baya, kamar Graduate da Myford, na bayan hagu ne. A rubuta duk wannan a littafin ƙungiya, kada a dogara ga ƙwaƙwalwar ɗan aike.

Abin da ya fi takarda shi ne faifan ƙarfen da ya zo da injin, wanda akan kafa wa itace da sukuru. Tiredinsa shi ne na sandar ba ragi. A tafi da shi, a tafi da cok ɗin kuma, gama ta gefen cok ma kowane kamfani da nasa. Adaftan Nova ba lalle ya shiga cok na Vicmarc ko na Oneway ba. Akwai kuma cok da aka yanka wa tiredi a jikinsa, shi inji iri ɗaya kaɗai yake hawa. Idan ba a riga an saya ba, a nemi mai karɓar adafta, domin ko an sake inji zai yi amfani.

A Kano a fara da masu kayan inji na Sabon Gari, cikin kasuwa da kewayenta, a kuma leƙa Ƙofar Ruwa. Sassaƙa da inji ba sana'a ce mai yawan jama'a ba, saboda haka kada ku yi mamaki idan ba a sami na kanti ba. Mai kanti zai ce wannan ma zai yi. A yi ciniki a kan cewa idan bai hau ba za a mayar, a kuma sa ya rubuta a rasit.

A ganinmu, ga tsohon inji, gara a sa a yanka sabo. A Fagge da Sabon Gari akwai maƙeran inji masu yanka ƙarfe, waɗanda kullum suke gyara wa masu injin niƙa da direbobi sanduna. A tambayi maƙerin tukuna ko injinsa yana yanka tiredin inci da na milimita duka biyu. Waɗansu injuna sai da wani giya mai haƙora 127 suke iya sauyawa. Ya fara yanka guntun gwaji mai shiga faifanku, shi zai tsaya a madadin sandarku da take ƙauye. Ya yi adaftan da curin ƙarfe marar rami, ya yanka ciki da waje da fuska ba tare da ya sauke shi daga injinsa ba, domin idan ya sauke ya mayar, tsakiya takan goce. Idan wani ya ce a kawo a yi walda kawai a huta, a ƙi. Zafin walda yakan tanƙwara sanda ya ƙone boris, cok kuwa ba zai sake fita ba.

Da an komo gida, a ɗaura adaftan da hannu kawai. Ya kamata ya tafi sumul har ya zauna daram a kafaɗar sanda, ba rata. Kafaɗar nan ce take miƙar da cok, tiredi riƙewa kaɗai yake yi. A ɗaura cok, a kawo alli dab da jikinsa, a juya da hannu. Idan allin ya taɓa gefe ɗaya kaɗai, akwai datti a kafaɗa ko kuwa aikin ya karkace. Idan injin yana juyin baya, a sa maƙerin ya huda wa adaftan gurbin ƙaramin sukuru mai kulle shi, in ba haka ba zai kwance kansa. Ran gwajin farko a cire mabuɗin cok, a sa bel a juyi mafi sanyi, a kori yara daga rumfar, mai kunnawa kuma ya tsaya a gefe.