Ruwan Da Ba Ya Shiri Da Ruwa

'Yan'uwa, tun muna yara aka koya mana cewa ruwa shi ne maganin wuta, shi ne kuma abin wanke ƙazanta. Haka yake a yawancin lokaci. Amma akwai waɗansu sinadarai waɗanda ruwa shi yake tayar musu da fushi. A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani iri daga cikinsu, wanda ake kira kulorosailen. A jikin gangarsa za ku ga wani dogon suna na Turanci wanda ya ƙare da chlorosilane.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da kayan masana'anta? Dalilinmu uku ne. Na fari, 'ya'yanmu da yawa suna aiki a masana'antu, da tashoshin jiragen ruwa, da ɗakunan gwaje-gwaje na manyan makarantu. Na biyu, tsofaffin gangunan sinadarai iri iri sukan ƙare a kasuwa, mu saya don tara ruwa ko adana hatsi, ba tare da mun san abin da ya kwana a ciki ba. Na uku, dokar da za mu koya a kansa ita ce dokar waɗansu abubuwan da suke cikin gidajenmu a yau.

Mene ne shi, me kuma ake yi da shi?

Asalinsa daga farin dutse ne da yashi. Akan dafa su da gawayi a tanderun lantarki, a sami wani abu mai ƙyalli kamar ƙarfe, wanda ake kira silikon. A shekarar 1940 wani masani mai suna Eugene Rochow, a kamfanin General Electric na Amurka, ya gano cewa idan aka niƙa silikon, aka haɗa da ɗan jan ƙarfe, aka busa masa iskar metil kulorayid a zafin da ya kai wajen digiri 300, za a sami wannan ruwa. Ba da daɗewa ba Richard Müller ya gano hanya iri ɗaya a Jamus, ba tare da sun haɗa kai ba. Har yanzu da wannan hanya ake yinsa.

Daga wannan ruwa ake yin robar nan mai laushi da muka sani: gam ɗin da ake liƙe gilashin taga da shi, da bakin bulunbotin jarirai, da waɗansu bututun asibiti, da abin liƙe bakin inji. Kada wani ya tsorata da waɗannan. Da zarar an gama sarrafa su, haɗarin ya fita. Ɗanyen ruwan da ba a sarrafa ba shi ne abin tsoro.

Abin da yake faruwa idan ya gamu da ruwa

Kulorosailen fari ne tas, ba shi da launi. Wanda ya hango shi a kwalba zai ɗauka ruwan sha ne ko kananzir, wato ganin kitse ake yi wa rogo. Da zarar ya taɓa ruwa sai ya yi zafi, ya fitar da iska mai cin nama, wadda ake kira haidirojin kulorayid. Idan wannan iska ta narke a ruwa sai ta zama asid mai ƙarfi.

Bari mu auna yawanta. Wanda aka fi yi a cikin wannan iri sunansa daimetil-daikulorosailen. Kilo 1 nasa yana ba da fiye da rabin kilo na wannan iska, wato kimanin lita 370. Wannan ya kusa cika ganga biyu masu cin lita 200. Ku duba fa, abin da bai wuce cikin kwalba babba ɗaya ba ke nan.

Ba sai an zuba masa ruwa da guga ba. Laimar iska ta ishe shi, shi ya sa idan aka buɗe murfinsa sai a ga farin hayaƙi yana tashi. Raɓa ta ishe shi, gumi ya ishe shi. Idon mutum kuwa, da hancinsa, da maƙogwaronsa, da huhunsa, duk suna da laima. Saboda haka a jikin mutum yake yin asid ɗinsa. Yana ƙone fata, yana iya makantar da ido. Wanda ya shaƙa da yawa, huhunsa yana iya tara ruwa, wani lokaci sai bayan sa'o'i, sa'ad da kowa yake tsammani ya warke.

Bayan haka yana da waɗansu halaye uku. Yana kama wuta da sauri kamar fetur, ko da sanyi ake yi ƙwarai. Yana tafasa a digiri 70, ɗan'uwansa taraimetil-kulorosailen kuwa a digiri 57, alhali ruwa sai ya kai 100. Don haka gangar da aka bari a ranar bazara takan kumbura. Tururinsa kuma ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya taru a rami, da kwari, da rijiya.

Ganga ba ta zama wofi don an juye ta

A ranar 9 ga Janairu, 2014, a wata masana'antar silikon da ke garin Yokkaichi a ƙasar Japan, ma'aikata suna buɗe murfin wata babbar na'ura don su wanke ta. An riga an tsayar da ita, an cire ta daga aiki. Amma sauran dattin wani ɗan'uwan wannan sinadari ya manne a ciki, ya sha laima, ya bushe. Sai ya fashe. Mutum 5 suka mutu, 13 suka ji rauni. Waɗannan fa ma'aikata ne masu horo da kayan aiki. Ina ga wanda ya sayi ganga ya kai bakin rijiya don ya ɗauraye?

Akwai kuma wani haɗari. Asid yana cin ƙarfe, sa'ad da yake ci kuwa yana fitar da iskar haidirojin, mai fashewa. Mai walda ko maƙerin da ya sa wuta a irin wannan ganga yana wasa da ransa.

Alamun da za mu duba

Ko wanda bai iya Turanci ba zai iya gane alamun da ake mannawa a ganga ko a jikin mota. Kowace alama tana da kusurwa huɗu, tana tsaye a kan tsininta.

1. Ja mai hoton harshen wuta da lamba 3: ruwa mai kama wuta.
2. Sama fari, ƙasa baƙi, da hoton ruwa yana ɗiga a hannu da kan ƙarfe, da lamba 8: abu mai cin nama.
3. Shuɗi mai hoton harshen wuta da lamba 4: abu mai haɗari idan ya jiƙe.

Irin da muke magana a kansa yana ɗauke da ta fari da ta biyu tare. Lambobin da duniya ta ba manyansa uku su ne 1162, da 1250, da 1298. A kan waɗansu tankoki akwai allo mai launin ruwan goro da lambobi. Idan lambar sama ta fara da harafin X, kamar X338, ma'anarta kada a kusanto da ruwa.

Ga masu aiki da shi

A ajiye shi a ɗaki busasshe mai inuwa, wanda iska take ratsawa, rufinsa ba ya yoyo. A ɗora ganga a kan katako, kada ta zauna a ƙasa. A nisanta shi da wuta, da taba, da ruwa, da barasa, da soda. Duk kwalba ko bututun da zai shiga, a tabbata ya bushe ƙayau. A ɗakin gwaji ba a buɗe shi sai a cikin akwatin da yake zuƙe hayaƙi zuwa waje. A sa safar hannu da aka yi don sinadarai, da tabarau mai rufe ido duka, da abin kare fuska. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare wannan iska. Kada mutum ya yi aikin shi kaɗai. Ma'aikaci yana da iko ya roƙi a nuna masa takardar bayanin haɗari da take zuwa tare da kayan, ya kuma san inda famfon wanke ido yake kafin ya fara.

Idan ya zube, ko mota ta faɗi da shi

Mun san halinmu, mota ta faɗi sai kowa ya sheƙo da bokiti. Wannan hali ya ci rayuka da yawa a wajen tankokin fetur. Idan kun ga farin hayaƙi yana fita daga ganga ba tare da wuta ba, kuka ji wari mai yaji a hanci:

1. Ku bar wurin nan da nan, ku nufi inda iska take fitowa, ku hau tudu.
2. Ku kori yara da dabbobi, ku hana mutane matsowa.
3. A kashe kowace irin wuta, kada a tayar da babur kusa.
4. Kada a watsa ruwa. Ɗan kaɗan da ya zube, ma'aikaci mai kayan kariya yakan rufe shi da busasshen yashi.
5. A kira 'yan kwana-kwana, a gaya musu lambar da aka gani. Suna da irin kumfar da ake rufe shi da ita.

Idan ya taɓa mutum

A nan sai mu lura sosai, gama dokar ta juya. A ƙasa ba a zuba masa ruwa, amma a jikin mutum ruwa ne ceto, muddin yana da yawa. Ruwa kaɗan yana haifar da asid mai ƙarfi ya bar shi a kan fata. Ruwa mai yawa yana tsinka asid ɗin ya tafi da shi.

A janye mutumin zuwa iska mai kyau. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, mai taimako kuma ya kare hannunsa. A yi ta kwarara masa ruwa aƙalla minti 15 ba tsayawa. Idan ido ne, a buɗe fatar idon, ruwa ya riƙa bi ta ciki, kada ya gangara zuwa ɗaya idon. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko toka, ko kanwa. Idan ya haɗiya, a kurkure masa baki, amma kada a sa shi amai, domin abin zai sake ƙone hanyar da ya bi. A kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, a kuma gaya wa likita sunan sinadarin.

'Yan'uwansa da suke gidajenmu

Kabaid ɗin masu walda idan ya jiƙe yana fitar da iska mai kama wuta. Ƙwayar Phostoxin da muke sa wa hatsi, laimar iska ce take sa ta fitar da gubar da take kashe ƙwari, tana kuma kashe mutum. Kada a ajiye buhun da aka sa wa wannan ƙwaya a ɗakin kwana. Kada a bar gwangwaninta a buɗe, ko inda ruwan sama zai same shi.

Game da ganga kuwa, shawararmu ɗaya ce. Gangar da ba ku san abin da aka zuba a cikinta ba, kada ku saya don ruwan sha ko abinci, kome araharta. Wadda take da sauran abu a ciki, kada ku buɗe don ku sunsuna. Rashin sani ya fi dare duhu. Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, ya kuma zana alamun nan uku a allo a taron ƙungiyar manoma na gaba, domin yara da manya su gane su.