In Ƙafar Amalanke Ta Cije

Manoman Zauro, ga kaka ta ƙarato, amalanke kuwa shi zai fid da shinkafa daga fadamar Gulbin Rima zuwa hanyar Birnin Kebbi da Argungu. Amalanken da ya sha ruwa da laka duk damina, da wuya ƙafarsa ba ta cije ba. In an ga shanu na ja da ƙyar, kada a sa musu bulala. Karkiya za ta ci wuyansu, sa mai gyambo kuwa sai ya yi makonni ba aiki.

A fara duba iskar taya. In da iska, a kwance shanun, a tokare ƙafa ɗaya da dutse, a ɗaga ɗayar, a juya ta da hannu. In tana ƙara kamar ana niƙa, yashi ya shiga boris. In ta yi nauyi shiru, giris ya bushe, ko an matse noti ainun. In tana tsayawa wuri guda kowane zagaye, sandar ƙarfen da take juyawa a kai ta lanƙwashe, wannan sai maƙeri.

Maganin yashi da bushewa ɗaya ne. A cire boris, a wanke da kananzir, ya bushe, a cusa sabon giris. Ban da baƙin mai, gama tsiyayewa yake yi. Sa'an nan a ɗaure noti, a ɗan sassauta har ƙafar ta juya sumul ba ta girgiɗi.

Lalle a yi wannan kafin a fara yankan shinkafa. Tun ran gini ran zane.