Zaɓen Hedifon a Ƙaramin Situdiyo

Wanda ya yi niyyar buɗe ɗakin ɗaukar waƙa a Mora, ko a Marwa, ko a wata unguwa ta Garwa, lissafinsa kusan ɗaya ne da na takwaransa na Titin Gidan Zu a Kano: kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗauke da FL Studio ko Cubase, ɗan akwatin sauti irin na Focusrite ko Behringer, makirufo, da fiyanon Yamaha. In kuɗi ya yi saura sai a nemo manyan sifiku biyu, domin su ne baƙo ke fara gani in ya shigo. Hedifon kuwa shi ne na ƙarshe, a tsaya a teburin mai kayan waya a ɗauki duk wanda ya fi ƙara da walƙiya. A ganina an juya lissafin ne. A ƙaramin situdiyo na wannan yanki na arewacin Kamaru, hedifon ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa, kuma wanda ya dace a saya shi ne wanda ba ya yi wa kunne daɗin baki, wanda kuma zai daɗe har mai shi ya san halinsa ciki da waje.

Dalilin farko yana cikin ɗakin kansa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda, kuma idan ya bugi bangon bulo da siminti dawowa yake yi kusan da ƙarfinsa. A ɗakin da ke da faɗin mita 3, amon da ke karkarwa wajen sau 57 a sakan, wato haz 57, yakan yi ta kai-komo tsakanin bango biyu yana haɗuwa da kansa. A jikin bango sai ya kumbura, a tsakiyar ɗaki kuma ya kusa ɓacewa. Wannan ne yankin da bes da babbar ganga suke zaune. Saboda haka mai haɗa sauti da ya jingina teburinsa da bango zai ji bes ya yi yawa ya rage shi, wanda ya zauna tsakiya zai ji babu ya ƙara, alhali waƙar ɗaya ce. Kiret ɗin ƙwai da siririn soso da ake mannawa a bango ba sa taɓa wannan matsala, domin igiyar sauti mai tsawon kusan mita 6 ba ta ma san da su ba. Gyaran ɗaki na gaske yana cin kuɗin da ya ninka na sifikun. Hedifon kuwa ya tsallake ɗakin baki ɗaya. Ga kuma batun wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai a kudu da Garwa, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma in ruwa ya ja baya a ƙarshen rani ɗauke wuta kan yawaita har Marwa da Mora. Sifikun situdiyo sai da wuta ko janareto, shi kuma janareto yana zuwa da rurinsa. Hedifon batirin kwamfuta kaɗai ya ishe shi.

Sai dai ba kowane hedifon ba. Wanda aka ƙera domin jin daɗi an ƙara masa bes da kaifin sama da gangan, an danne tsakiya, domin mai saye ya ji daɗi cikin minti guda a shago. Na aiki kuwa mudu ne, abin awo. Wanda ya auna da mudun da ya fi ƙa'ida girma ko ƙanƙanta, ko da zuciyarsa ɗaya, awonsa zai fito a karkace. Haka mai haɗa waƙa a hedifon mai kumbura bes: zai riƙa jin bes ya isa tun bai isa ba, waƙar ta fita siririya a wajen biki. Abin ya fi muni ga irin waƙarmu, domin ita murya ce gaba. Ko nanaye ce, ko begen sha'irai, ko waƙar Fulatanci irin wadda marigayi Ali Baba na Garwa ya fitar duniya, mai sauraro kalma yake bi. Fahimtar magana tana zaune ne a tsakiyar sauti, shi ya sa tsohuwar wayar tarho ta wadatu da haz 300 zuwa 3,400. A nan ne kuma kalangu ke lanƙwasa muryarsa, a nan kukuma da gurmi suke. Algaitar da ake busa wa sarakuna, daga fadar Mandara a Mora har fadojin lamiɓɓe, kaifinta na taɓa inda kunnen ɗan Adam ya fi saurin jin zafi, tsakanin haz 2,000 da 5,000. Hedifon da ya danne wannan yanki zai ɓoye maka ainihin wurin da aikinka yake.

Za a ce araha ba ta ado, mai son gaskiyar sauti sai ya fidda kuɗi masu yawa. Binciken da aka yi bai goyi bayan haka ba. A 2017 wani masanin sauti mai suna Jeroen Breebaart ya buga sakamakon nazarin awon hedifon 283 a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka, kuma bai sami wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin farashi da yadda suke fitar da amo daga ƙasa zuwa sama ba. Tarihin sana'ar ma shaida ne. Sony MDR-7506 ya fito a 1991, har yau ana sayar da shi wajen dala 100, kusan sefa dubu 60 kafin kuɗin dako da kwastan, kuma yana rataye a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim a faɗin duniya. AKG K240 na kamfanin Ostiriya asalinsa tun 1975 ne, Beyerdynamic DT 770 Pro na Jamus kuma tun 1985. Audio-Technica ATH-M40x da Sennheiser HD 280 Pro suna kusa da farashin na Sony, ATH-M20x kuwa wajen rabinsa. Babu ɗayansu da ba shi da karkata. Na Sony yana da kaifi a sama, yana tona asirin «s» da «sh» da «ts» masu sukar kunne, da kuma ɗan shuuu na makirufo mai araha. K240 yana da kyau a tsakiya amma bes ɗinsa na can ƙasa ba shi da ƙarfi. DT 770 yana da zurfin bes da wani tsini a sama. Abin da ya raba su da na teburin mai kayan waya shi ne karkatarsu kaɗan ce, sananniya ce, kuma ba ta sauyawa sosai daga wannan kwali zuwa wancan. Inda karin maganar ta yi gaskiya shi ne wajen jabu. 7506 da ATH-M50x suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma in aka miƙo maka «sabo» a sulusin farashinsa, sunan kawai ka saya. Gara Superlux HD681 ko Samson SR850 na gaske, masu araha da sunansu, da Sony na ƙarya.

Wanda kuɗinsa bai wuce na hedifon guda ba, ya sayi rufaffe. Buɗaɗɗe, irin wanda Sennheiser ya fara fitarwa a 1968, bayansa raga ce, iska na shiga tana fita, sautinsa ya fi sakewa, kunne kuma ya fi shan iska. Amma kiɗan da mawaƙi ke ji yana tsiyaya ya shiga makirufo, musamman ɗan tik-tik ɗin da ke riƙe masa lokaci, kuma da zarar ya manne da murya fitar da shi wahala ce. Hayaniyar babura da ta maƙwabta ma tana shigowa. K240 da su Superlux rabi-buɗe ne, sun fi dacewa su zama na biyu, na zaman haɗawa da dare. Mai Bluetooth kuwa a bar shi gaba ɗaya, domin sauti na iso masa a makare da kashi ɗaya cikin goma na sakan ko fiye, mawaƙi ya riƙa jin muryarsa tana bin bayansa. Sai a duba adadin om da ke jikin kwali. Daga 32 zuwa 80 kwamfuta ko ƙaramin akwatin sauti na iya tuƙa shi. Mai 250 ko 600 yana son amfilifaya ta daban, in babu sai ya yi ƙasa-ƙasa. DT 770 ana yin sa kala uku, 32 da 80 da 250, kuma a nan mai 80 ne ya fi dacewa.

Abin da littattafan Turai ba su cika kula da shi ba shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu ma'auni kan wuce digiri 40 a Garwa da Marwa, kuma dole a kashe fanka lokacin ɗaukar murya. Gumi na cin fatar roba da ke lulluɓe da soson kunne har ta fara ɓarewa, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, igiya kuma takan tsinke daga ciki a gindin filogi. Wannan ba maganar kyan gani ba ce kawai. Bes ɗin rufaffen hedifon ya dogara da yadda soso ya manne da kai. Da zarar soson ya lotse ko ya tsage sai bes ya zube, kamar yadda yake zubewa in hannun tabarau ko ɗankwali mai kauri ya shiga tsakani. Ke nan awon ya canza mai shi bai sani ba. Kuma sanin halin hedifon abu ne da ke ɗaukar watanni ana sauraron waƙoƙin da aka sani a cikinsa, ana gwada abin da aka haɗa a wasu wurare, har kunne ya gane cewa in bes ya kai kaza a nan to ya isa a waje. Wanda ke sauya hedifon duk bayan wata shida kullum ɗan koyo ne. Shi ya sa nake ganin sauƙin gyara wani ɓangare ne na ingancin sauti. Daga Mora zuwa Marwa kusan kilomita 60 ne, Duwala kuwa ta wuce kilomita dubu, takardar garanti ba ta da amfani a irin wannan nisa. A nemi wanda ake cire sosonsa a sa wani, a sayo soson ajiya tun ranar farko. Soson yadi mai laushi irin na DT 770 ya fi jure gumi, ana ma wanke shi. Igiyar M40x da ta K240 Studio ana zare su a sauya. Ta 7506 a manne take, amma mai gyaran rediyo da dalma zai iya da ita.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da ke cewa ba a haɗa waƙa a hedifon, kuma tana da hujja. A gaban sifiku kowane kunne na jin duka biyun, a hedifon kuwa na dama dabam na hagu dabam, sai faɗin waƙar ya zarce gaskiya. Amsa-kuwwar da ake sa wa murya ma ta fi fitowa fili, mutum ya sa kaɗan yana zaton ta isa. Ƙirji kuma ba ya jin dukan ganga. Duk wannan haka yake, amma ƙa'idar an kafa ta ne a ɗakunan da aka kashe dukiya wajen gyara bangonsu. Abin da ke gaban ɗan Mora shi ne zaɓi tsakanin hedifon mai karkata sananniya da ɗakin siminti mai karkatar da ke sauyawa in ka matsa da kujerarka taku ɗaya. Har a manyan situdiyo ma ƙa'idar ta sassauta: Andrew Scheps, wanda ya yi aiki da Adele, ya sha faɗin cewa yana haɗa waƙoƙi a 7506. Maganin raunin kuwa sananne ne. A riƙa haɗe dama da hagu wuri guda ana duba ko wani abu ya ɓace, a kuma ɗora wata waƙa da aka yarda da haɗinta kusa da taka ana kwatantawa.

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke zuwa, su ce tunda jama'a a ƙaramar Tecno ko Itel za su ji waƙar, ko a sifikar mai tura waƙoƙi a kasuwar Lahadi ta Mora, wahalar me ake yi? Amsar ita ce waɗannan na'urori ba su karkata gefe guda ba. Sifikar waya kusan ba ta fidda komai a yankin bes, sifikar biki ta cika shi har ya rufe murya, ta mota kuma da nata hali. Waƙar da aka daidaita wa ɗaya za ta lalace a sauran. Wadda aka haɗa a tsakiya ce kaɗai ke tsira a dukkansu. Wayar tana da amfaninta, amma a ƙarshe, a matsayin gwaji: in kalmomin mawaƙi da bugun kiɗa sun fito a cikinta, aiki ya yi.

Ƙarar da ake aiki da ita ma tana cikin awo. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ya fi jin bes da kaifin sama idan an ƙure ƙara, shi ya sa kowace waƙa ke yin daɗi in an ɗaga ta, ta koma fayau in an rage. A tsayar da maɓallin ƙara wuri guda, matsakaici, a saba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga baligi, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a 95 awa ɗaya da kwata ne kacal a mako. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa in sun mutu, kuma ƙugin da ake ji bayan dogon zama alama ce an wuce gona da iri. Rufaffen hedifon na taimakawa a nan, tunda wanda ba ya jin janareto ba ya bukatar ƙure ƙara don ya danne shi.

Ranar saye, ko a Garwa ne ko a Marwa ko ta hannun ɗan aike daga Kano, a tafi da waƙoƙi biyu ko uku da kunne ya haddace, ɗaya mai murya zalla, ɗaya mai kalangu ko ganga. A saurara da ƙara kaɗan, a ji ko muryar na zaune daidai tsakiyar kai ba ta zame gefe ba, a murɗa igiyar a gindin filogi a ji ko tana ƙarar-ƙarar, a bar shi a kai kamar minti goma a ga ko yana matse kunne. Na hannu mai kyau wanda sosonsa kawai ya mutu ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. In mai shago ya ƙi a buɗe kwali a gwada, a wuce shago na gaba.