Taron Tunawa da Ali Farka Ture: Hannun Mai Molo a Kan Jita

 Wannan taƙaitaccen bayani ne daga shirinmu na kiɗan gargajiya, a kan taron da akan yi a Bamako don tunawa da marigayi Ali Farka Ture, makaɗin jita na ƙasar Mali.

Ko ba ka san sunansa ba, da wuya a ce ba ka taɓa jin kiɗansa a rediyo ko a wayar wani ba. An haife shi a 1939 a yankin Tumbuktu, ya tashi a Niyafunke, bakin kogin Kwara. Shi ne ɗa na goma wurin mahaifiyarsa, kuma duk waɗanda suka riga shi sun rasu suna ƙanana. Shi ya sa aka laƙaba masa Farka, wato jaki, saboda juriya. Kai Bahaushe ka san wannan al'ada, ai ita ce ta sa ake kiran ɗan wabi Ajuji ko Ayashe.

To, me ya sa har ake tara jama'a saboda mai jita? Amsar tana hannunsa na dama. Ali bai fara da jita ba. Ya fara da wani ɗan gurmi mai tsirkiya ɗaya, sannan njarka, ɗan ƙaramin goge na ƙasarsu. Sai a 1956 ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Da jitar ta zo hannunsa bai kaɗa ta irin ta Turawa ba, inda ake sa ɗan tsinken roba a share tsirkiyoyi gaba ɗaya. Da yatsu ya kama ta. Babban yatsa yana dukan tsirkiya mai kauri, yana maimaita amo guda kamar takun shanu a burtali, manuni kuwa yana tsinko waƙar a siraran tsirkiyoyi. Mutum ɗaya, amma kunne yana jin kamar biyu. Kai makiyayi, idan ka taɓa zama kusa da mai hoddu a ruga, ko mai molo a zango, ka riga ka ga wannan hannu. Shi ne dai, an ɗauke shi daga tsirkiya uku ko huɗu an ɗora a kan shida. Ko rakiyar ma sau da yawa ƙwarya ce kawai a kife, ana buga ta da hannu.

Da Turawa suka ji shi sai suka ce ai wannan bulus ne na baƙaƙen Amurka, suna kwatanta shi da John Lee Hooker. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa asalin kiɗan daga nan gida ya ƙetara teku. A ganinmu, duk wanda ya san molo ba zai yi masa gardama ba. Ya yi waƙa da Sanwai, da Fulatanci, da Buzanci, da Bambaranci. Faifansa Talking Timbuktu, wanda ya yi da Ry Cooder a 1994, ya ci kyautar Grammy, haka ma In the Heart of the Moon da ya yi da Tumani Jabate mai kora a 2005.

Amma fa shi manomi ya ɗauki kansa. Kuɗin da ya samu a waje ya zuba su a noman rani da gyaran Niyafunke, har aka zaɓe shi magajin garin a 2004. Ya rasu ran 7 ga Maris, 2006, bayan fama da kansar ƙashi.

Shi ya sa taron yakan faɗo a watan Maris. Iyalinsa da gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ke shirya shi, a unguwar Lafiyabugu cikin Bamako. Idan Allah ya kai ka, shawararmu ita ce kada ka tsaya can baya inda lasifika ke cika kunne. Matso inda za ka ga yatsu. Salon Ali yana nan a hannun ɗansa Vieux Farka Ture, wanda ya ƙara masa zafi da jitar lantarki, da kuma almajirinsa Afel Bokum, wanda ya fi riƙe natsuwar maigidan. Ka lura da masu ngoni, wato molon mutanen Mali, idan sun zauna gefen mai jita. Nan za ka ji wanda ya ari wani.

Maganar hanya kuwa, ɗan kasuwa ya san ta: daga Sokode a bi Kara, Mango, Dapaong, a ƙetare a Sinkase, sai Wagadugu, Bobo, Sikaso, Bamako. Sefa ɗaya ce ke ci daga farko har ƙarshe, ba ruwanka da canji. Riƙe katin shaidarka da katin rigakafi. Sai dai ka san an sa yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a watan Yunin 2022, kuma hanyoyin Burkina da Mali ba kullum suke lafiya ba. Tambayi direbobin da suka dawo a makon kafin ka sayi tikiti, kuma kada ka yi tafiyar dare. Niyafunke kanta, inda kabarinsa yake, ba mu ba kowa shawarar ya nufe ta yanzu ba.

Wanda hanya ba ta yi masa ba, akwai abin da zai iya yi a gida. A zangon Sokode da rugagen bayan Dapaong masu molo da gurmi da hoddu ba su ƙare ba, sai dai tsufa suke, yara kuma sun koma kan kiɗan waya. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, mutum nawa ka sani da ke kaɗa kuntigi kamarsa? Idan suna ko biki ya kama a gidanka, kira mai molon unguwarku, ka biya shi da kyau, ka nemi izininsa ka ɗauki sautin a waya, ka sa yaro ya zauna kusa da hannunsa na dama. Wanda ya ɗauka yana iya kawo mana ofis, mu sa a shirin mako mai zuwa.